Fis ɗin Jalingo daga Jos yake zuwa, alhali sanyin yana Gembu

Da wuya a yi biki ko suna a Jalingo ba a ga soyayyiyar shinkafa da haɗin salak ba, kuma a cikin kowannensu akwai 'yan ƙwayoyin nan kore shar, zagayayyu, masu ɗan zaƙi, da 'yan gwari ke kira fis. Uwargida takan tarar da shi a babbar kasuwa an ƙulla a leda, ko ana awonsa da gwangwanin madara, a gefen karas da kabeji da koren wake. In ta ce ya yi tsada, amsar da za ta ji ba ta sauyawa: "Hajiya, kayan Jos ne, kuɗin mota ne ya ci mu." Ranar da mota ba ta iso ba kuwa, sai ta nufi kanti ta ɗauki na gwangwani, wanda galibi daga ƙetare aka shigo da shi.

Mai kayan gwarin gaskiya ya faɗa. Kwandon da aka loda a kasuwar Farin Gada ta Jos yana da doguwar tafiya a gabansa. Ko dai ya bi ta Bauchi da Gombe da Numan, ko ya gangara ta Shendam zuwa Ibi, a tsallaka da shi kogin Binuwai, sannan ya kama hanyar Wukari zuwa Jalingo, hanyar da gadar Namnai ta karye a kanta a watan Agustan 2024. Fis kuwa ba ya jiran kowa. Daga lokacin da aka tsinke shi, zaƙin da ke cikin ƙwayar yake fara rikiɗa ya zama gari, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Shi ya sa manyan kamfanonin Turai ke daskarar da nasu cikin 'yan sa'o'i bayan girbi. Wanda ya kwana a bayan mota ya wuni a rana, in ya iso tukunya a Magami ko Sabon Gari, launin ne kawai ya rage masa.

Abin takaicin shi ne jihar da ke sayen wannan kaya daga nesa ita ce ke da ƙasar da ta fi ko'ina sanyi a Najeriya. Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna, ya kai kimanin mita 1,600 a sama da teku, wato ya ɗara Jos da ke wajen mita 1,200. Ya yi suna da shayi da shanu da dankalin turawa da fiya da ayaba, amma bai yi suna da fis ba. Ra'ayin wannan shafi shi ne ya kamata Taraba ta ɗauki noman fis a Mambila da muhimmanci, ta fara shi ƙarami, ta fara da iri da gwaji, kuma ta sa ido kan busasshen fis fiye da ɗanye.

Domin a ga dalili, sai an san tsiron kansa. Masana suna kiransa Pisum sativum, ɗan gidan su wake da gyaɗa da gujiya ne, amma ba ɗan ƙasar zafi ba ne. A Gabas ta Tsakiya aka fara nomansa, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tare da alkama da sha'ir, kuma har yau halinsa na abokan tasowarsa ne. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 13 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. In zafi ya doshi digiri 30 lokacin da yake fure, furen yakan zube, kwanson da ya tsira kuma ya fito da ƙwaya biyu ko uku maimakon shida zuwa takwas.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Jalingo mai ci ce, ba mai nomawa ba. Garin yana kwari, a Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma ko a tsakiyar hunturu, da dare ne kawai ake jan bargo, da rana zafin yana haura digiri 30. Masu noman rani a bakin kogin Lamurde da Mayo Gwoi suna samun alayyafo da kuɓewa da tumatir da yakuwa, kuma ba adalci ba ne wani ya zo ya cika su da daɗin baki su zuba kuɗinsu a irin da ba zai yi ba. Wanda ke da sha'awa zai iya gwada kunya biyu a bayan gida daga ƙarshen Nuwamba, ya ga abin da Allah zai yi. Amma sana'a sai a saman dutse. Iska tana rage zafi da kimanin digiri shida da rabi a duk hawan mita dubu, don haka wanda ya bar Serti ya hau ta Mayo Selbe zuwa Maisamari yakan nemi rigar sanyi kafin ya kai Nguroje. A can da wuya zafin rana ya wuce digiri 25. Sanyin da wasu ƙasashe ke kashe maƙudan kuɗi su samar da inji, a Gembu kyauta ne.

Noman nasa ba shi da wani sirri da zai gagari wanda ya iya wake. Ana binne ƙwayar zurfin santimita uku zuwa biyar, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin wannan da waccan, a kan kunya mai tudu domin saiwarsa ba ta son kwanciyar ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. Mai lura zai ga bambanci da wake tun a nan: wake yakan turo ɓarin ƙwayarsa biyu sama, shi kuwa fis yana barin nasa a ƙarƙashin ƙasa, tsiron kawai ke leƙowa. Da ya kai tsawon taƙi sai ƙarshen ganyensa ya fitar da wasu siraran zare masu neman abin kamawa, duk abin da suka taɓa sai su naɗe shi. Akwai gajeren iri da ke tsayuwa da kansa, akwai mai yaɗo da ke kai tsawon mutum, wanda sai an kafa masa sanduna. A Mambila sanda ba abin nema ba ce, domin itacen turare ya kewaye kusan kowane ƙauye, rassan da ake sarewa a zubar sun wadatar.

Bayan mako biyar zuwa shida fure zai fito, fari ko shuɗi mai ja-ja. Kimanin mako uku bayan furen kwanso zai cika. Daga shuka zuwa tsinkar farko yakan ɗauki kimanin kwana 60 zuwa 70. A nan ne aikin yake, domin ba girbin rana ɗaya ba ne. Ana shiga gonar duk bayan kwana biyu ko uku, da sassafe, a riƙe reshen da hannu ɗaya a tsinke da ɗayan don kada a tumɓuke tsiron. Kwanson da ya isa yakan yi sumul, kore mai sheƙi, in an matsa shi ya fashe da 'yar ƙara, ƙwayoyin a jere suna taɓa juna. Wanda ya fara dusashewa ya yi tauri, lokacinsa ya wuce, sai dai a bar shi ya bushe. Yawan tsinka kuma shi ke sa tsiron ya ci gaba da fure. Aiki ne na hannu da haƙuri, irin wanda matan Mambila, waɗanda da ma su ne ƙashin bayan gonakin tsaunin, suka saba da shi, kuma kuɗinsa na shigowa kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, daidai da hidimar gida.

Akwai wata fa'idar da ke ƙarƙashin ƙasa. Kamar sauran danginsa, fis yana ɗauke da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da manomi ke biya da tsada a buhun yuriya. Gonar da aka cire fis aka sa masara ko dankali takan nuna alama. Sai dai ƙwayoyin da ke aiki da fis ba su ne ke aiki da wake ko waken suya ba. Garin Nodumax da cibiyar IITA ta Ibadan ke haɗawa domin waken suya ba zai yi wa fis amfani ba, kuma ƙasar da ba a taɓa shuka fis a cikinta ba tana iya rasa nasa ƙwayoyin. Gane hakan ba ya buƙatar ɗakin bincike. A tono tsiro ɗaya lokacin fure, a wanke saiwar, a tsaga ƙullin da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya. In fari ne, ko babu ƙullin gaba ɗaya, sai an cuɗa irin da ƙwayoyin da suka dace kafin shuka ta gaba.

Ba a ce Mambila ba ta da nata cikas ba. Ruwan sama a can ya haura milimita 1,800 a shekara, damina kuma doguwa ce, ga hazo da laima. Fis da aka shuka a tsakiyar wannan ruwa zai haɗu da ruɓewar saiwa da ciwon ganye. Lokacinsa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ƙasa ke da danshi amma sama ta fara washewa, sai kuma rani a gefen ƙoramu. Ko a lokacin akwai darɓa, akwai kuma cutar nan da ke yi wa ganye fari kamar an barbaɗa toka, wadda ke son dare mai raɓa da rana busasshiya. Maganinta na farko shi ne irin da ke jure mata, kuma akwai shi a duniya. Sannan ba a maimaita fis a wuri ɗaya, sai an ba ƙasar shekara uku ko huɗu.

Cikas na biyu yana cikin ƙasar kanta. Dalilin da ya sa shayi ya karɓi Kakara shi ne ƙasar tana da tsami, shayi kuma tsami yake so. Fis ya fi son ƙasa mai matsakaicin hali. Don haka wurare da yawa sai an gyara su da farar ƙasa ta gona, ko toka da takin shanu a ƙaramin fili. Takin shanu dai ba ya ƙaranci a tsaunin da ya shahara da kiwo. Kuma a nan akwai abin dubawa ga yankin da ya ga mummunan rikicin fili tsakanin manoma da makiyaya a watan Yunin 2017. Fis ba ya cin fili mai yawa, kadada guda ta ishi gidaje da dama, harawarsa kuma abinci ce mai kyau ga dabbobi a lokacin rani da ciyawa ke bushewa. Ba wanda zai ce kwanson fis zai sasanta rikicin da ya daɗe, amma duk cinikin da zai sa mai gona ya buƙaci takin mai shanu, mai shanu ya buƙaci harawar mai gona, ya cancanci a ƙarfafa shi.

Maganar iri ita ce ta fi komai nauyi, kuma a nan fis yana da wata baiwa. Furensa yana barbarar kansa tun kafin ya buɗe. Wannan halin ne ya sa Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yau, ya zaɓe shi domin gwaje-gwajen da ya yi daga 1856 zuwa 1863, ya buga sakamakon a 1866, aikin da ya zama tushen ilimin gado na halittu. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya ƙirga ƙwaya 5,474 masu sumul da 1,850 masu tamoji, wato kusan uku bisa ɗaya. Abin da wannan ke nufi ga manomiyar Dorofi ko Mayo Ndaga mai sauƙi ne: in ta samu iri mai kyau sau ɗaya, za ta iya ajiye nata daga gonarta, ya fito kamar uwarsa shekara bayan shekara, ba sai ta koma wurin dillali kowace kaka ba kamar mai noman masarar aure. Sumul da tamojin da Mendel ya ƙirga su ne kuma ke raba kasuwa biyu. Mai tamoji ya fi zaƙi, shi ake ci ɗanye. Mai sumul ya fi gari, shi ake busarwa.

Busasshen nan shi ne ya kamata a fi mayar da hankali a kansa, saboda hanya. Daga Gembu zuwa Jalingo, ta Serti da Bali da Garba Chede, tafiya ce mai cin mafi yawan wuni, da hawa da gangara da kwanoni masu ban tsoro, ga ramuka. Ɗanyen fis da ya bi wannan hanya ba tare da sanyi ba zai iso a gajiye kamar na Jos, ko da yake zai riga shi isowa in an tsinka da asuba aka loda nan take a kwanduna masu shan iska maimakon buhu. Wutar lantarkin da za a daskarar da shi kuwa ba ta wadata ba, a yankin da aka shafe shekaru da dama ana jiran madatsar ruwa mai megawat 3,050. Busasshen fis bai damu da duk wannan ba. Yana zama wata da watanni a buhun PICS mai hana iska, wanda manoman wake suka riga suka sani, ya jira farashi, ya jure rami. Kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, kusan daidai da wake.

Wasu ƙasashen Afirka masu tsaunuka sun daɗe a kan wannan hanya. A Habasha, manoman tudu suna noma fis su busar, a niƙa shi a yi miyar shiro da talaka da mai kuɗi ke ci da gurasarsu ta injera, ko a ɓarza shi a dafa. A Ruwanda da Burundi abincin gida ne. Kenya kuwa ta bi ɗaya hanyar: daga gonakin da ke kewaye da Dutsen Kenya ake tsinkar nau'in da ake ci da kwansonsa, a sa a jirgi daga Nairobi, ya wayi gari a kantunan Ingila da Holan. Amma Kenya ta yi shekaru tana gina ɗakunan sanyi da tituna da ƙungiyoyin manoma kafin ta kai nan. Duk jami'in da zai tsaya a gaban makirufo ya yi wa mutanen Sardauna alkawarin kasuwar Turai kafin a ci kasuwar Jalingo da Yola da Gombe, ya fara gini ne daga rufi. Misalin da ya fi kusa ma yana tsallaken iyaka, a tsaunukan yammacin Kamaru da suke jeri ɗaya da Mambila, inda garuruwa irin su Foumbot ke ciyar da Douala da Yaoundé da kayan gwari.

Mai musu zai ce fis abincin 'yan gayu ne, ado ne a kan shinkafar biki, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, to mene ne na wahala? Akwai gaskiya a ciki. Babu ranar da fis zai ture wake daga tukunyar Bahaushe ko Bamumuye ko Bajukune, kuma ba a nemi ya ture shi ba. Amma waken da ke yi a Zing da Lau ba ya jin daɗin sanyin tsauni, shi ya sa mutanen Mambila suka riƙi nasu waken na Gembu. Fis ƙari ne a kan wannan, a watannin da gona ke zaune ba komai. Kasuwarsa kuma tana nan tun kafin a noma shi: otal-otal, masu abincin biki, masu shinkafa a bakin tasha, da gidajen ma'aikata. Ko busasshen zai shiga ƙosai da alala da ɗanwake, wannan tambaya ce da masu girki za su amsa cikin mako guda in an ba su mudu biyu su gwada. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Taraba ta taɓa nuna cewa tana iya kashe kuɗi a kan kayan lambu. A zamanin Gwamna Darius Ishaku, wanda ya riƙe jihar daga 2015 zuwa 2023, an gina katafariyar gonar rumfa a Jalingo, wadda jama'a ke kira gonar kokwamba. Abin da fis ke nema bai kama ƙafar wannan ba, kuma ba ya buƙatar rumfa ko injiniyan ƙetare. Cibiyoyin da za su yi aikin suna nan. Jami'ar Jihar Taraba, da aka kafa a 2008, tana da tsangayar aikin gona. Akwai Kwalejin Aikin Gona a Jalingo, akwai Jami'ar Tarayya ta Wukari, akwai hukumar raya aikin gona ta jiha da malaman gonarta. A kan tsaunin kansa, cibiyar binciken koko ta ƙasa tana da tasha a Kusuku inda take aiki kan shayi da kofi, cibiyar NIHORT ta Ibadan kuma ita ke da alhakin binciken kayan lambu a ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa su a kan ƙaramin aiki guda.

Aikin kuwa ga shi. A samo iri biyar ko shida, na ɗanye da na busarwa, daga manoman Filato da kuma ƙasashen da suka riga mu, ta hanyar da hukumar kula da iri ta amince. A shuka su a gonakin manoma na gaske a Nguroje da Maisamari da Gembu, ba a filin gwamnati da aka kewaye da waya ba, a lokuta biyu ko uku daban-daban. A auna tsamin ƙasa, a duba saiwa, a rubuta wanda ya kamu da cuta da wanda ya tsira, a auna abin da kowace kunya ta bayar. A sauko da ɗanyen kasuwar Jalingo a ajiye shi gefen na Jos, a bar masu saye su yi hukunci. Bayan shekara biyu, irin da ya ci jarrabawa a damƙa shi ga ƙungiyoyin mata su riɓanya su sayar wa maƙwabta. In kuma babu wanda ya ci, a fito a faɗa, kada a bar manomi ya gano da aljihunsa.

Gwamnatin Agbu Kefas da 'yan majalisar da ke wakiltar Sardauna za su iya sa wannan a kasafin kuɗi ba tare da wani aiki ya tsaya ba. Abin da ba za su iya ɗagawa ba shi ne lokaci. Ruwa yana fara ja da baya a tsaunin ne a watan Oktoba, don haka iri da farar ƙasa da malaman gona sai sun isa Nguroje tun cikin Satumba, in ba haka ba an rasa shekarar.